Hausa tana kai mutum har gona a Gana, ko a bakin kasuwa take tsayawa?

Ɗan_Aboabo
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun satin da ya wuce. Ni haifaffen Aboabo ne a nan Kumasi, shekara huɗu ke nan ina sarin masara a Ejura ina kawo wa masu kiwon kaji. Tun muna yara mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yake ce mana wanda ya riƙe Hausa ba zai kwana da yunwa ba daga Ankara har Bawku. A kasuwar Ejura kuwa ban taɓa ganin maganarsa ta faɗi ƙasa ba. Ran Litinin, daga dillali har mai ɗinkin buhu har yaran da ke lodi, da Hausa muke gama komai.

Bana sai na ce bari in shiga ƙauye in saya kai tsaye a hannun manoma. Na hau babur na bi ta bayan Sekyedumase, na sauka wani ɗan ƙauye da gidajensa ba su fi ashirin ba. Ga masara an baza a kan tamfol tana shan rana, mata suna zaune suna gurzar wadda ta rage. Na yi sallama, dattijon gidan ya amsa, na ce ina gajiya, ya ce lafiya, daga nan Hausarsa ta ƙare. Na juya Tonanci, wato Twi, harshen mutanen Asante da muke kira Tonawa, ya ɗan taɓa kaɗan, matan kuwa ko kalma ɗaya. Ashe Konkomba ne. Sai da aka aika aka kira wani yaro ɗan makaranta ya yi mana tafinta. Mun fi awa biyu a kan buhu shida, ƙarshe na taso ban saya ba, don da zarar na fito da buhunana sai dattijon ya girgiza kai, yaron kuma ya kasa gaya mini dalili.

To ina tambaya: Hausa a ƙasar nan harshen kasuwa ce kaɗai? Kuma wanda abincinsa yake hannun manoman ƙauye, wane harshe ya kamata ya ƙara a kan Hausa da Tonanci?

Hajiya_MaiAlbasa
Wa'alaikumus salam. Ɗana, ya danganta da abin da kake saye. Mu a albasa Hausa tana kai mu har cikin lambu, don yawancin kayanmu daga Nijar yake zuwa, wajen Galmi. Sai dai Hausar can ma sai ka zauna ka koya. Za ka ji "tahi", "hwari", "biyat", "shina zuwa". Wannan duk mai sauƙi ne, kwana biyu kunnenka ya saba. Inda ake samun matsala shi ne kuɗi, don da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar. In mutum ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi, in ya ce jikka, 1,000 ke nan. Farkon zuwana na yi ciniki da wani dattijo, ni ina ganin na samu araha, shi yana ganin ya sayar da daraja, sai wajen biya muka gane kowa da lissafinsa. Ba wanda ya yi niyyar cutar wani, kuma dukanmu Hausa muke yi.

Baba_Tanko_Asawase
Yaro, mahaifinka gaskiya ya faɗa maka, amma ka sake sauraron maganar. Daga Ankara har Bawku ya ce, wato hanya ya lissafa maka. Hausa a bayan jaki ta shigo ƙasar nan.

Kakanninmu fataken goro ne. Suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni suna tafiya, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, su sayi goron da ya fito daga dajin Tonawa su juya. Inda ayari ya saba yada zango nan ya zama unguwa, shi ne sunan da muke amsawa har yau. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 sai mutane suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu Atebubu da Kintampo, wasu har Kumasi da Ankara. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi a 1934, yana cikin waɗanda suka bar Salaga a lokacin. Sannan Turawa da suka ɗebi soja da 'yan sanda, Hausa ta zama harshen bariki.

Ka ga wurare uku ke nan: kasuwa, masallaci, bariki. Ƙasar noma kuwa tana hannun masu ƙasa, kuma kowa da harshen da yake magana da shi a gonar ubansa. Don haka abin da ya same ka bai ba ni mamaki ba.

ɗanBawku77
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Ka zo Bawku ka gani. Kusasi da Busanga da Mosi da Mamprusi, in sun haɗu wajen aikin albasa a bakin rafi lokacin rani, da me suke magana? Sau da yawa Hausa ce ko Mosanci. Kasuwarmu duk bayan kwana uku take ci, manomi ba ya sati bai shiga gari ba, don haka Hausa ta bi shi gida. Ni kakana Busanga ne, bai taɓa fatauci ba, da fartanya ya tsufa, kuma Hausarsa ta fi tawa.

Pukpara_Savelugu
@ɗanBawku77 Bawku daban ce, bakin iyaka ce, ga Burkina ga Togo. Kada a auna duk arewa da ita. Ni Badagwambe ne, a Kumasi na koyi Hausa da na zo aiki ina ɗan shekara goma sha tara. A ƙauyenmu za ka iya zagaye gida goma ba ka samu wanda zai yi hira da kai da Hausa ba. Kuma ina roƙon 'yan'uwa na zango su fahimci wannan: yana ɓata wa mutanenmu rai idan aka ɗauka duk wanda ya fito daga arewa Bahaushe ne. Mutanen kudu suna yi mana haka, bai kamata ku ma ku yi ba.

Ba na musun cewa mun ari kalmomi. Muna cewa shinkaafa, muna cewa alibalsa, muna yi wa baƙo amaraaba, shugabar mata kuma magajiya ce a wurinmu kamar yadda take a wurinku. Amma gona puu ce, doya nyuli, masara kawana, gero za. Sunan da nake amfani da shi a nan ma, pukpara, manomi ke nan.

Ga mai tambaya: in har za ka ƙara harshe ɗaya, ni Dagwambanci zan ce. Wanda ya iya shi zai yi magana da Mamprusi da Nanumba ba tare da tafinta ba, kuma zai riƙa tsintar kalmomi a Mosanci da Kusasanci da Farafaranci, don dangi ne.

Rabi_Nima
Maganar Baba Tanko ta sa na tsaya ina lissafa kalmominmu da kowa yake faɗa a Ankara. Waakye daga wake, koose daga ƙosai, tuwo da zafi, koko, fura, masa, ƙuli-ƙuli, har kayan da ke cikin kayayei, sunan da ake kiran mata 'yan dako. Duka na tukunya ne da na kasuwa.

Gwani_Fagge
Ku gafarce ni, ni baƙo ne a zauren nan, daga Kano nake, goro nake zuwa saye. Da kuka ce Ankara na ɗauka ta Turkiyya ce, sai daga baya na gane Accra kuke nufi. Amma tunda an taɓo maganar, ni abin da ya fi damuna Hausar kanta. Na ji mutum a Kumasi yana cewa "matana ya zo", na ji "cau" maimakon kyau, "jara" maimakon gyara, ba ƙ ba ɗ ba ts. Ba da raini nake faɗa ba, wallahi, tsoro nake kada nan gaba jikokinku su kasa karanta abin da aka rubuta da Hausa.

Amina_Legon
Malam Gwani, barka da zuwa. Abin da ka ji sunansa Gananci, kuma karin harshe ne mai tsarinsa, masana harshe sun daɗe da sanin shi. Mutanen da suka raine shi a zango yawancinsu ba da Hausa aka haifi iyayensu ba: Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Wangara, Gurunshi, Yarbawa. Harsunan da ke kewaye da mu, irin su Tonanci da Dagwambanci, ba sa raba namiji da mace a wakilin suna, shi ya sa "ya" ya ɗauke duka biyun. Ba ya hana ciniki, ba ya hana wa'azi, kuma da shi uwa take lallashin ɗanta a Nima da Aboabo.

Bari in dawo kan tambayar. Harsunan da gwamnati ta daɗe tana ɗaukar nauyin buga littattafai da koyarwa da su goma sha ɗaya ne: Tonancin Asante, na Akuapem, Fante, Ewe, Ga, Dangme, Nzema, Dagaare, Dagwambanci, Gwanja da Kasem. Ku duba da kyau, babu Hausa a ciki, kuma babu Likpakpaln, harshen Konkomban da @Ɗan_Aboabo ya tarar, alhali kowa ya san rabonsu a doyar da ƙasar nan take ci. Har kasuwar doya ta Agbogbloshie a Ankara da sunansu ake kiranta.

Sannan suna ɗaya ba ya nufin baki ɗaya. Kusasanci biyu ne, Toende na wajen Zebilla da Agole na wajen Bawku. Dagwambancin Tamale da na Yendi ba ɗaya ba ne. Dagaare na Jirapa ya bambanta da na Nandom, ga kuma Waali na Wa. Abin da muke haɗawa mu ce Farafara ya ƙunshi Gurene da Nankani da Talni da Nabt. Konkomba ma kusan kowane dangi da lafazinsa. To wanda zai ce "koyi harshen arewa", sai a tambaye shi wanne.

MaiShagon_Feshi
Ni wannan magana ba ta ciniki kaɗai ba ce a wurina, ta rai ce. Ina sayar da maganin feshi da takin zamani a Kumasi, kuma ina zagaya kasuwannin ƙauye. Duk abin da ke jikin kwalba da Turanci aka rubuta, wani da Faransanci in ya biyo ta iyaka. Manomin da zai fesa ba ya karanta ko ɗaya. Abin da na gaya masa da baki a tsaye, shi ne iyakar abin da zai tafi da shi.

Ga inda abin yake ci mini rai. Mu muna cewa magani. Tonawa suna cewa aduro. Dagwamba suna cewa tim. Duka ukun kalmar da ake kiran abin da ake ba mara lafiya ce. Wata rana na je wata gonar tumatir, na tarar da wani saurayi ya zuba ruwa a tankin goyo, ya auna maganin ƙwari da gwangwanin madara, ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwa yana motsawa. Ba safar hannu, ba abin rufe hanci, silifa ne a ƙafarsa. Na daka masa tsawa. Ya dube ni da mamaki ya ce, ai magani ne. Tun daga ranar na daina cewa magani a shagona in ina bayani. Guba nake cewa, in sa wanda ya ji harshen mai saye ya faɗa masa da kalmar da suke kiran dafin maciji ko abin da ke kashe ɓera. Wasu suna ganin zan kori masu saye. Ban ga an gudu ba.

Haka maganin ciyawa. Manoma da yawa kondem suke kiran duk wanda ke ƙone ciyawa, ba su raba wanda ake fesawa kafin shuka da wanda ake fesawa a cikin masara. Na san wanda ya ƙone eka biyu ta masararsa da hannunsa saboda kalma ɗaya ta haɗa kwalba biyu.

MalaminGona_Atebubu
@MaiShagon_Feshi Allah ya saka maka da alheri, ka faɗi abin da muke fama da shi. Ni Tonanci da Hausa da Turanci nake ji, amma ƙauyukan da ke hannuna akwai Konkomba, Dagaaba, Sisala, da Bono masu ƙasa. Bono ma da muke cewa Tonanci ne, in tsoho ya saki baki a ƙauye ɗan Kumasi sai ya kasa kunne sosai. In na tara taro nakan yi magana da Tonanci, wani ya juya, wani ya sake juyawa. Kafin maganar ta kai ga na ƙarshe, rabi ya zube a hanya.

Awo ya fi komai wuya. Takarda tana cewa hekta, ni ina cewa eka, manomi yana auna gonarsa da igiya, igiyar wannan ƙauye kuma ba tsawonta ɗaya da ta wancan ba. In na ce buhu kaza a eka ɗaya, sai na taka gonar da ƙafata kafin in san abin da muke magana a kai.

Shekarar 2017 da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta mamaye gonaki, babu sunanta a harshen kowa. A rediyo ana faɗan sunan Turanci, manomi bai san da abin da ke cikin gonarsa ake ba. Sai da muka riƙa yawo da ita a cikin kwalba muna nunawa. Kafin nan wasu sun gwada toka, wasu omo.

Amma abin da ya samu suna a bakin mutane yana zama. Ku ga ciyawar nan da ta cinye gonakin kudu, kowa Acheampong yake ce mata, sunan shugaban soja na shekarun 1970. Ku ga irin masarar da cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar a 1992, suka sa mata Obatanpa, wato uwa ta gari mai shayarwa. Har yau tsohuwa a ƙauye za ta nemi irin da sunansa. Da lamba da haruffa aka sa masa, wa zai tuna?

Issaka_Sefwi
Bari in kawo ta koko. Mahaifina daga wajen Zebilla ya sauko ƙasar Sefwi yana saurayi, ya kama gonar koko a kan abusa, wato a raba amfani uku ya ɗauki ɗaya. Ya zo da ɗan Tonancin da ya tsinta a hanya, ya tarar Sefwi harshe ne daban, ya fi kusa da Nzema da harsunan tsallaken Kodebuwa. Amma kalmomin aikin ya haddace su kafin ya iya gaisuwa: akate ga ƙwaron da ke tsotse itacen, anonom ga ruɓewar ƙwallo, sasabro ga cutar da ke kumbura reshe.

Daga baya ya karɓi sabon daji a kan abunu, a raba biyu. Da baki aka yi, a gaban shaidu, ba takarda. Shekaru suka wuce, mai ƙasar ya rasu, magada suka ce abin da aka yi alkawari rabin amfani ne, mahaifina ya ce rabin gonar ne in ta girma. Kalma ɗaya, kowa da yadda ya ji ta. Shaidu biyu sun rasu, wanda ya yi tafinta ranar ya koma arewa. An yi shekara uku ana zuwa fada. Ya samu wani abu, amma ba abin da ya sare daji dominsa ba. Duk wanda zai shiga irin wannan, don Allah a rubuta, a karanta masa da harshen uwarsa kafin ya dangwala.

Baba_Tanko_Asawase
Issaka, Allah ya ji ƙan magabata. Wannan labari na ji irinsa ba sau ɗaya ba.

Ina so in koma kan Malam Gwani. Ni "cau" da "jara" ba su dame ni ba, haka muka tashi muka ji. Abin da ya dame ni kalmomin da suka fita daga bakinmu gaba ɗaya. Yaran zauren nan, ba tare da kun tambayi kowa ba, wa zai gaya mini mene ne sassabe, huɗa, binne, maimai, zangarniya, dami, sussuka, shiƙa, ƙaiƙayi? Mene ne bambancin gero da maiwa? Mene ne sungumi, mene ne magirbi? Mene ne gayya? Tonawa suna da tasu gayyar, nnoboa, kuma yaransu sun san ta. In ɗan zango ya je gaban manomi, ko da manomin yana jin Hausa, da wace Hausar zai yi masa maganar gona?

Sadik_Sawaba
Baba, gaskiya dami da ƙaiƙayi da gayya kaɗai na sani, gayyar ma a wajen biki na san ta. Abin ya taɓa ni. Don Allah ka yi mana bayaninsu ko da a saƙon murya ne, mu adana.

Gwani_Fagge
Baba Tanko, ka rufe mini baki. In ka tare yaran cikin birnin Kano da waɗannan kalmomi, da yawa ba za su kawo rabi ba. Malama Amina, na karɓi gyara.

MaiLambu_Gyinyase
Akwai Hausar gona a Kumasi, ku zo lambu ku ji. Mu da muke noman latas da kabeji da albasa mai ganye a nan, akwai 'yan arewa, akwai 'yan Burkina, kuma tsakaninmu Hausa tana aiki sosai. Muna cewa kwami, muna cewa dashe, ban ruwa, iri, taki. Da matan da ke zuwa sari da asuba kuwa Tonanci ne dole. Kwanan baya wani yaro ya zo daga wajen Bolga ba ya jin ko ɗaya, cikin wata huɗu yana ciniki da duka biyun.

Sarkin_Turke
Ba wanda ya taɓo maganar shanu, alhali nan ne rashin jin harshe yake kai wa ga jini. Duk mun san abin da aka sha fama da shi a Agogo da filayen Afram tsakanin manoma da makiyaya. Makiyayi yana jin Fulatanci, galibi da Hausa. Manomi yana jin Tonanci ko Ewe ko harshen arewa. Hausa ce gadar, kuma mu 'yan zango ake kira mu tsaya a tsakiya.

Na taɓa tsayawa a wani zama a fadar wani ƙaramin sarki. Shanu sun shiga gonar rogo da dare. Mai gonar yana tsaye jikinsa na rawa, yaron da ke kiwon yana tsugune ya sunkuyar da kai, sandarsa a ƙasa. Mutanen fada suka ce ku gani, ko kallon sarki ba ya yi, raini ne. Na nemi izini na ce a wurinsu yaro ba ya haɗa ido da babba, kunya ce da ladabi. Sannan da aka tambaye shi ya yi shiru, suka ce taurin kai. Na ce ba zai yi magana a gaban kawunsa ba sai an ba shi dama. Da kawun ya buɗe baki, abin da ya fara faɗa shi ne a je a ƙiyasta ɓarnar, zai biya. Da na tsaya a kan juya kalmomi kaɗai, da zaman ya watse kafin a zo nan. Kuma na ga inda tafinta ya ƙara gishiri don yana da nasa a ciki. Aikin nan amana ne, bai kamata a riƙa jawo duk wanda aka gani a bakin hanya ba.

Amina_Legon
Gyara kaɗan ga abin da na rubuta a sama, kada a fahimce ni ba daidai ba. Rashin Hausa a cikin sha ɗayan nan bai hana ta shiga rediyo ba. GBC, gidan rediyon gwamnati, ta daɗe tana watsa shirye-shirye da ita tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagwambanci. Ga Zuria FM a Kumasi, ga Marhaba FM a Ankara. Manoman ƙauye kuwa tashoshin yankinsu ne suka fi kai musu, irin su Radio Ada da ke magana da Dangme tun 1998, da Simli Radio a Dalun, da Radio Savannah a Tamale.

MalaminGona_Atebubu
Rediyo yana taimako, musamman in an buɗe layi manomi ya kira da harshensa. Amma yanzu saƙon murya na WhatsApp ya fi yi mini aiki. Mutane da yawa suna magana da harshen da ba su taɓa ganinsa a rubuce ba, don haka takarda ko da an fassara ta ba ta da amfani gare su. Nakan sa wani ɗan ƙauyen ya ɗauki minti biyu da bakinsa, in tura wa mutum uku masu babbar waya, kafin dare an saurara a gindin bishiya.

Magajiya_Tafo
Na karanta duka, kuma akwai abin da maza kuka tsallake. @Ɗan_Aboabo da kansa ya ce dattijon ya ɗan taɓa Tonanci, matan ne ko kalma. To su waye suke gurzar masarar? Su waye suke shanya ta, su san wadda ta bushe da wadda za ta yi fumfuna a buhu? Namiji yana fita kasuwa da ci-rani, yana tsintar harsuna. Mace tana gida da gona. Ni ina sayen gyaɗa da man kaɗanya daga ƙauyukan arewa, kuma hannun mata nake karɓa. In na bi ta bakin mazansu, farashi ɗaya ake gaya mini, wani ake gaya musu. Sai da na koyi ƙirga da gaisuwa da Dagwambanci, in ce dasiba a amsa naa, in zauna a kan kujerar tsuguno a tsakar gida, sannan suka fara gaya mini gaskiyar kayansu. Malamin gona, in kun kira taro mata nawa ne suke zuwa, kuma da harshen wa ake yi?

MalaminGona_Atebubu
Hajiya Magajiya, tambayarki tana kan hanya. Suna zuwa, amma baya suke zama, kuma da wuya su yi tambaya. Inda na raba musu nasu taron da mace mai juya magana, nan ne nake jin abin da ke damunsu.

ɗanBawku77
Duk na ji, amma har yanzu ina kan bakana. Wanda zai koyi Dagwambanci, in ya je Tumu fa? In ya je Saboba? In ya je Sandema? Ba za ka koyi harshe talatin ba. Hausa da Tonanci su ne suka fi tsallaka iyaka, sauran sai a nemi mutumin kirki a kowane gari.

Pukpara_Savelugu
Ba wanda ya ce a koyi talatin. Kowa yana da ƙauyuka biyu ko uku da yake komawa duk shekara. Nasu zai koya.

Ɗan_Aboabo
Na gode ƙwarai, iyaye da 'yan'uwa. Bari in ba ku labarin abin da ya biyo baya. Shekaranjiya na koma ƙauyen, wannan karon tare da wani Bakonkombe mai sayar da doya da muka saba a Ejura, yana jin Hausa sosai. Kafin mu shiga ya ce kada in fito da buhu, kada in ambaci kuɗi, sai an kawo ruwa an sha an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Haka muka yi.

Ashe dattijon ba farashina ya ƙi ba, buhunana ya ƙi. Ya ce masu zuwa da irin wannan babban buhu sukan danna shi da taɓarya, su ɗora masa hula a ɗinke, su biya kuɗin buhu ɗaya. An yi masa haka bara. Yaron da ya yi mana tafinta ya ji duk wannan, kunya ce ta hana shi faɗa wa baƙo cewa kakansa yana zarginsa. Muka daidaita a kan a auna da kwanonsu, uwargidan ce ta riƙa ƙirgawa da bakinta, abokina yana maimaita mini da Hausa. Hajiya Magajiya, kin yi gaskiya, ita ce ta ware mini buhu biyu ta ce waɗannan ba su gama bushewa ba, in dawo bayan kwana huɗu.

Yanzu tsakanin shawarar Pukpara da ta ɗanBawku ban yanke ba tukuna. Amma ƙirgar Konkomba daga ɗaya zuwa ashirin nake so in fara riƙewa kafin in koma.

Hajiya_MaiAlbasa
Madalla, Allah ya sa albarka. Ka tambayi abokin naka yadda suke ƙirga kuɗi ma, ba kwano kaɗai ba. Tun da aka cire sifiri huɗu a sidi a 2007, har yau akwai tsofaffin da in sun ce miliyan ɗaya sidi 100 suke nufi.

Sadik_Sawaba
Baba Tanko, muna nan muna jiran saƙon muryar. Ka fara da binne da maimai.